Farantin Balbela

Litinin, da hantsi

Balbela ta rage haske. Na rubuta a nan ne don na gaji da juya maganar a kaina.

Anti Agogo ce ta fara gani. Ita ke renon ƙwayoyin ɗakin gwajinmu tun kafin in zo wurin nan da farar rigata mai karin guga, kuma ba a banza aka sa mata Agogo ba. In ta turo ƙofa ba sai ka dubi bango ba, ka san lokacin aiki ya yi. Ta kira ni gaban madubin ƙara girma ta ce in leƙa. Sunayen tsuntsaye muke ba ƙwayoyinmu. Kurciya da Zalɓe da Tsattsewa kore shar, yadda suka saba. Balbela kuwa dishi-dishi, kamar tocilan da batirinsa ya yi sanyi.

Aikin namu ba wuyar faɗa gare shi ba, wuyar yi. Mukan ɗebi 'yar fatar mutum, mu yi ta lallashinta wata da watanni har ta rikiɗe ta zama ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a cikin faranti. Sai mu ba su abincin da ke sa duk sabon furotin da suka ƙera ya yi haske kore. Na masu ciwon jijiya haskensu kaɗan ne, don sun rage ƙira. Na masu lafiya su ne ma'auninmu, kuma Balbela a cikinsu take. Bana ne kawai muka fara barin ƙwayoyin su daɗe a faranti har su tsufa, tunda ciwon da girma yake zuwa. Da can ba mu taɓa barin Balbela ta kai haka ba.

Na ce wa Anti ƙila ruwan abincinsu ne ya kwana biyu, ta canja. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce a hannunta ruwa bai taɓa kwana biyu ba, amma za ta canja tunda Dakta ta ce.

Lafiyata ƙalau. Barci ne ban samu sosai ba.

Talata, bayan azahar

An canja ruwa. Ba ta canja ba.

Ɗakinmu yana da tsarinsa tun fil'azal. Duk wanda ya kama aiki, in ya yarda, yakan ba da fatar damtsensa kamar ƙwayar shinkafa, a sa cikin masu lafiya. Sai ya tura hannu a wani tsohon kofin shayi da hannunsa ya karye, ya zaro takarda mai sunan tsuntsu, ya rubuta a jikin kwalbarsa da kansa. Ba a tambaya, ba a faɗa. Ko Farfesa, shugaban ɗakin, bai san wane ne wane ba. Mutane sun zo sun tafi, wasu sun yi ritaya, wasu suna ƙasashen waje, tsuntsayensu na nan a daskare suna mana aiki.

Ranar da na zaro tawa sai da na toshe baki don dariya. Ni gajeriya baƙa, aka ba ni farar tsuntsuwa mai dogayen ƙafafu. Tabon yana nan a damtsena na hagu.

An gwada jininmu duka a kan ciwon da muke bincike, na fita fes. Sai dai ciwon ƙwaƙwalwa ba ɗaya ba ne, kuma gwaji abin da ka tambaye shi kaɗai yake amsawa. Wannan ɗalibin aji ɗaya ma ya sani, ban san me ya sa nake rubuta shi ba.

Alhamis, da hantsi

Farfesa ya gani. Ya daɗe a kan madubi, ya ɗago fuska a murtuke, ya ce magana ɗaya ce, an haɗa faranti. Wani ya ɗebi ƙwayoyin mara lafiya ya zuba a na mai lafiya. Bai kama suna ba, amma kowa ya san hannu ɗaya ne ke taɓa farantan nan. Anti tana tsaye jikin firji, hannuwanta cikin aljihun riga, ta ce ba ta haɗa ba. Ya ce ba wanda yake haɗawa da sani. Ta sake cewa ba ta haɗa ba, da murya ɗaya, ba ta ɗaga ba kuma ba ta sauke ba.

Na fahimci zafinsa. Binciken da muka shekara uku a kai duk a kan ma'aunin nan yake tsaye, in ma'auni ya karkace komai ya karkace. Amma mutumin nan da ba zai iya gaya maka inda ake ajiye safar hannu ba, shi ne yau yake koya wa Anti riƙon faranti. Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi.

Ban ce komai ba. Akwai rukuni na biyu na Balbela da aka narko daga wata kwalbar daban, zai kai wannan tsufan nan da kusan sati biyu. Farfesa ya ce a jira shi. In ya yi haske, kuskuren rana ɗaya ne, a yafe. Ni ma na ce a jira, har na fi kowa ɗaga murya wajen cewa a jira.

Asabar, da la'asar

Matar Yaya ta kira ni tun safe. Ba tsokanar da ta saba, ba “ƙanwar miji mai digiri a kan kai” ba komai. Ta ce in zo in ga yayana.

Na same shi a shagon askinsa, kujera biyu duk ba kowa. Ita ta ja ni gefe ta gaya min shekaranjiya ya yanki kunnen wani yaro da injin aski, uban ya kusa kai shi ƙasa. Ta ce wannan ne na uku. Ta ce ya zama mai faɗa, abu kaɗan ya hau, shi da yara ke hawa wuyansa yana dariya. Na zauna a benci muna hira, ina kallon ƙafafunsa. Ba sa zama wuri ɗaya. Kafaɗarsa takan zabura, sai ya mayar da abin kamar ƙuda yake kora. Na san wannan korar ƙudan. Na girma ina kallonta.

Baba magini ne. Daga saman gini ya faɗo ina firamare, kansa ya bugu, daga nan jikinsa ya fara abin da ya yi ta yi har Allah ya karɓi abinsa. Likitoci suka ce buguwar ce. Mu ma muka riƙe haka, har ni da na zo na karanci ƙwaƙwalwa.

Yaya ya rako ni bakin mota, ya dafa ƙofa ya ce, “Ke da kika yi boko a kan kai, gaya min. Baba daga gini ya faɗo. Ni daga ina na faɗo?”

Na ce gajiya ce, zan haɗa shi da likitan jijiya ya duba shi. Ya yi dariya ya ce to, amma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa. Na ce ni ba ni da gemu, ya je ya nemi wanda zai tsorata. Muka yi dariya mu biyu, irin ta da.

Sai a hanya, a tsaye a danja, tambayar ta zo min. Faɗuwar ce ta kawo ciwon, ko ciwon ne ya kayar da shi? Na bayana ya yi ta danna hon kafin in lura an ba mu hannu.

Lahadi, da safe

Ba ruwan Balbela da shagon aski. Ba ruwanta.

Laraba, da azahar

Na koyar da 'yan aji uku yau, darasin da na fi so, wanda nake iya yi ido rufe.

Na gaya musu ƙwayar ƙwaƙwalwa ba ta da magaji. Fata takan sabunta, jini yakan sabunta, amma yawancin ƙwayoyin da ke kanka su ne za su raka ka kabari. Shi ya sa ba ta hutawa, kullum tana ƙera sabon furotin tana maye wanda ya gaji, musamman a bakin jijiyoyin da take gaisawa da maƙwabtanta. To wani lokaci furotin yakan fito a karkace, ya naɗe ba daidai ba, ya taru ya dunƙule. Sai ƙwayar ta taka birki, ta dakatar da ƙira har ta share dattin. Dabara ce mai kyau in na ɗan lokaci ne. Masifar ita ce in dattin ya ƙi ƙarewa, birkin ya maƙale. Ba ta ƙera mugun ba, ba ta ƙera na kirkin ba, hanyoyinta su bushe ɗaya bayan ɗaya, hannu ya daina jin maganar kai.

Wata mai zama a gaba ta tambaya me ya hana ƙwayar sakin birkin in ta ga tana mutuwa. Na ce ai ita a ganinta kare kanta take yi. Na ce su rubuta, zai fito a jarrabawa.

Alƙalamin allo ya faɗi daga hannuna sau biyu. Irin sababbin nan ne da aka sayo, santsi gare su, zan yi wa mai kula da kaya magana.

Juma'a, da yamma

Na cika faranti mai ramuka casa'in da shida da bututun awo, ban tsallake ko ɗaya ba. Na sake wani don kaina. Wanda ya isa ya zo ya gwada da ni.

Lafiyata ƙalau.

Litinin, da hantsi

Rukuni na biyu ya kai. Ban jira Anti ba, ni na fara leƙawa. Dishi-dishi.

Farfesa ya tara mu. Ya ce tunda kwalba biyu sun ba da abu ɗaya, to tun wajen daskarewa aka yi cakuɗar, ke nan duk ajiyar Balbela ta lalace, kuma Allah kaɗai ya san sauran tsuntsaye nawa aka yi wa haka. Ya ce dole ya kai maganar gaban kwamitin ladabtarwa, don masu ba mu tallafi za su tambaya. Anti ta ce akwai hanya mai sauƙi, a gwada ƙwayoyin da na mai su, in sun dace ai ba a haɗa ba.

Ya ce gaskiya ne. Ya juyo ya dube mu, mu tara a ɗakin. Ya ce ya san tsarinmu, ba a tilasta kowa, amma in mai Balbela yana nan, a goga auduga a bakinsa kawai, magana ta ƙare. Sannan ya ƙara da cewa shi dai bai ga amfanin ba, don in suka dace ma'anarsa mutumin ba lafiyayye ba ne, mu kuwa ga mu nan kowa garau.

Na ƙura wa takalmina ido. Akwai ɗigon wani abu fari a kan na dama, na yi ta tunanin ko mene ne. Wani ya ce ƙila mai ita yana cikin waɗanda suka tafi. Kowa ya yi ajiyar zuciya ya ce haka ne ma.

Ba wanda ya isa ya sa ni buɗe baki a gaban mutum tara. Jikina ne. Fatata ce na bayar kyauta, ban sayar musu da rayuwata ba.

Talata, da safe

Jikina ne.

Alhamis, bayan la'asar

An dakatar da Anti daga taɓa faranti har kwamiti ya zauna ranar Alhamis mai zuwa. Ta zo duk da haka, a kan lokacinta, ta zauna a kujerar bakin ƙofa tana wanke kwalabe, aikin da ta bari tun ina makaranta. Saura mata kaɗan ta yi ritaya. In suka kore ta da wannan tabon, abin da za a tuna da ita ke nan, matar da ta ɓata binciken shekara uku.

Ni me za a tuna da ni in na yi magana? Na san mutanen ginin nan. Za su karɓe min bututu da murmushi, su ba ni kujera mai laushi. Za a riƙa yin shiru in na shigo. 'Yata tana aji uku na sakandare, gobe-jibi a nuna ta da baki a ce jinin gidansu ne. Ban yi karatun da na yi ba don in ƙare a matsayin abin tausayi a bakin masu shan shayi.

Na wuce ta gabanta sau huɗu yau. Kowane wucewa sai ta ce sannu da aiki, Dakta.

Asabar, da hantsi

Mijina, Mai Lissafi, ya kama ni. Shekara goma sha bakwai da aure, na manta mutumin da ke gane yaron da ya kwafi amsa daga ƙarshen aji ba zai kasa gane matarsa ba. Yarinya ta tafi darasi, muna karyawa, ya ce ya lura na daina cika kofi, rabi nake zubawa. Ya ce kuma na kwashe kofunan tangaran na kai saman kabad. Na ce yanzu har shayin da nake sha sai an yi min maki?

Ya ci gaba da kallona. Sai na gaya masa. Yaya, Baba, Balbela, Anti, duka, ina goge tebur ɗin da ba abin da ya zuba a kai.

Leɓɓansa suka fara motsi. Na san wannan motsin, rabawa yake yi, yana auna ko 'yarmu ta gada. Na ce, “Kada ka kuskura ka yi min lissafin 'yata a gabana.”

Ya ce ya daina. Idonsa ya kawo ruwa, na ce wannan ma ya daina, ban mutu ba, in yana son kuka ya je makaranta ya yi wa 'yan ajinsa da suka faɗi. Ya yi 'yar dariya. Na ɗauka an gama, sai ya ce, “Matar nan fa?”

Na ce wace mata, alhali na sani. Ya ce ko na faɗa ko ban faɗa ba, abin da ke cikin farantin yana nan yadda yake, abin da zai sami matar ne kaɗai ke hannuna. Na wanke shi tas. Na ce shi da ba a jikinsa abin yake ba ya fi kowa iya wa'azi, na ce ya bar ni da malamanci a gida. Ya tattara kofuna ya kai kicin, ya bar ni ina faɗa da kujera. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ban sami inda ya yi kuskure ba.

Litinin, da azahar

Anti ta kira ni gefe ta ce tana so ta danƙa min tsuntsayen, tunda ba ta san yadda Alhamis za ta kaya ba. Ta bi su ɗaya-ɗaya kamar mai barin 'ya'ya a hannun maƙwabciya. Kurciya ba ta da matsala. Zalɓe yakan yi yawa da wuri, a riƙa rage shi. Da ta zo kan Balbela sai ta tsaya.

Ta ce Farfesa ya ce a zubar da ita, amma kada in yarda. Ta ce tun da aka kawo ta take renonta, ta san ta, ba a haɗa ta da kowa ba, ita ce dai, wani abu ne ke damunta. A riƙa canja mata ruwa da wuri don ba ta jure yunwa yanzu, kuma a ɗauke ta a hankali, ta fara saurin ɓallewa daga faranti. Ta ce ko wane ne mai ita, a duk inda yake, ita tana sa shi a addu'a.

Na ce to.

Sai ta ce, “Dakta, ke ma kin yarda na haɗa?”

Na ce ban ce ba.

Ta ce, “Ba ki ce komai ba dai.” Ta koma wajen kwalabenta.

Laraba, da magariba

Na kai Yaya wajen likitan jijiya. An ɗebi jininsa. A mota ya yi ta ba ni labarin wani mai sanƙo da ya zo a yi masa gyaran fuska ya nemi ragi.

Na guge farar rigata. Gobe Alhamis.

Alhamis, bayan azahar

Ba a gayyace ni ba. Na hau bene na tura ƙofa ban ƙwanƙwasa ba. Dogon tebur, mutum huɗu daga ofishin gudanarwa, Farfesa a gefe da takardunsa, Anti ita kaɗai a ɗaya ƙarshen, ta sa kayanta na fita, jakarta a cinya ta riƙe da hannu biyu. Shugaban kwamitin ya ce Dakta, zama ne na sirri. Na ce ni ma sirri na kawo.

Na yi niyyar yin bayani a tsare, tun daga Baba. Da na buɗe baki sai duk ya gudu. Na ce, “Ba a haɗa komai ba. Ni ce Balbela. Ga bakina, ku kawo auduga.”

Na ofis ɗin ba su gane ba, suka dubi juna, wata ta rubuta wani abu. Farfesa ya gane. Ya cire tabarau ya ajiye, ya ce, a hankali, ko na san abin da maganar nan take nufi.

Na ce, “Rabin mutanen ginin nan ni na koya musu abin da take nufi.”

Ya ce in zauna. Na ce a tsaye na zo. Hannuna na dama ya zaɓi wannan lokacin ya yi abinsa, a gaban kowa, ya bugi gefen tebur. Ban ɓoye shi a aljihu ba, na gaji da aljihu. Na bar shi a fili suka kalla har suka ƙoshi, sannan na ce a sallami matar nan ta koma bakin aikinta, ƙwayoyi na jiran abinci.

Ban dubi Anti ba sai da zan fita. Na yi zaton zan ga hawaye ko godiya, na ma shirya abin da zan ce in hana ta. Ba ko ɗaya. Kallon da ta yi min ta saman tabarau, da wuƙa ne da ban sauko benen nan da ƙafata ba.

A bayan gida na yi amai, na wanke fuska, na koma na gama aikin da na bari.

Talata, da yamma

Audugar ta dace da farantin. An rufe maganar kwamiti.

Sakamakon Yaya ya fito, ni ma na ba da jinina. Likitan ya faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi a nan ba, littafina ne, ni ke zaɓar wanda zai shigo.

'Yata ba ta sani ba tukuna. Ni zan gaya mata, da bakina, a ranar da na zaɓa, ba a bakin wani za ta tsinta ba.

Alhamis, da hantsi

Yadda na faɗa haka aka yi. Sannu daga mai gadi, sannu daga masu shara, sannu daga mutumin da rabonsa da gaishe ni tun da na kayar da ɗalibinsa. Wani ya ruga ya buɗe min ƙofar da nake buɗewa da ƙafa tun yana makaranta. In na ƙara jin sannu ɗaya zan fasa wani abu, kuma da gangan.

Farfesa ya kira ni ofis. Ya nemi gafarar abin da ya yi wa Anti, ya ce ya je har gida ya ba ta haƙuri, wannan kam na yaba masa. Sannan ya shiga kewaye-kewaye. Akwai ofis a sama mai taga biyu, zan riƙa duba rubutun ɗalibai, ba wahala. A ƙarshe ya fito da abin da ke ransa, yana son izinina a ci gaba da aiki da Balbela, a cikin marasa lafiya, don ba a taɓa samun ƙwayoyin da aka bi tun kafin ciwo ya bayyana kamar ita ba. Idonsa har ƙyalli yake, ya kasa ɓoyewa. Ban ji haushi ba, da ni ce shi haka zan yi.

Na ce na yarda, da sharaɗi ɗaya. Inda Balbela take nan nake. Ofishin mai taga biyu ya ba wanda ya gaji. Ranar da hannuna ya kasa, Anti za ta gani kafin kowa, in ta ce in ajiye bututu zan ajiye. Kafin nan kada wanda ya ƙara buɗe min ƙofa.

Ya ce Anti za ta dawo ranar Litinin.

Litinin, da hantsi

Ta turo ƙofa a kan lokacinta. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ba ta dube ni ba. Tana sa farar riga tana magana da bango, ta ce sati guda tana wanke kwalabe, 'ya'yanta suna tambayarta me ta yi, wadda ta san gaskiya tana wucewa ta gabanta tana amsa sannu da aiki. Ta ce ciwo daga Allah ne, ba ta da ta cewa, amma shirun nawa ne. Na ce haka ne. Ta ce ba ta tambaye ni ko haka ne ba.

Wallahi tun ranar Alhamis ɗin nan ban ji maganar da ta yi min daɗi kamar wannan faɗan ba.

A akwatin ɗumin da muke ajiye ƙwayoyi, masu lafiya a shantar sama suke, marasa lafiya a ta ƙasa. Yau za a sauko da Balbela. Duk ɗakin suka yi kamar suna aiki, kowa yana satar kallo. Wani ya taso zai ɗauka min, na dube shi ya koma ya zauna.

Na sa safar hannu, na buɗe akwatin, ɗumin ya bugi fuskata. Na ɗauko ta da hannu biyu. Tazarar ba ta fi kamu biyu ba. Ana saura kaɗan hannun ya zabura, ruwan ya yi tambal-tambal, ya taɓa murfi, ɗigo ya gangaro kan safata. Na ji wata ta ja numfashi a bayana. Na tsaya da farantin a hannu, ina jiran sannun da zai gama da ni.

Anti ta matso, ta leƙa farantin, ta leƙa safar.

Ta ce, “Murfin ya jiƙe. Canja shi, ki canja safa, ki sake. A ɗakin nan ba a aikin ƙazanta, ko wace ce.”

Na canja. Na sake.